Zahirin Magana da Kaɗaici a Littafin Measuring Time na Helon Habila

Measuring Time ƙagaggen labari ne da Helon Habila ya rubuta da Turanci, ya fito a 2007. Labarin wasu tagwaye ne, Mamo da LaMamo, 'ya'yan wani mai hali da ake kira Lamang a ƙauyen Keti. Mahaifiyarsu Tabita ta rasu wajen haihuwarsu, gwaggonsu Marina ce ta riƙe su. Mamo, wanda shi ne Hassan ɗin, ya zo duniya da sikila. LaMamo kuwa garau yake, ga ƙarfi ga zafin zuciya. Labarin ya ɗauko su tun daga shekarun 1960 ya kai su shekarun 1990, ya ratsa yaƙin basasa da mulkin soja da siyasar farar hula. Masu sharhi sun fi tsayawa a kan yaƙin da siyasar da batun rubuta tarihi. Amma a ƙarƙashin waɗannan akwai jigo biyu da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa: ɗaukar magana a zahirinta, da warewa daga jama'a. A wajen Mamo kowane ɗaya yana ciyar da ɗan'uwansa. Rashin mai zama da shi ya sa bai koyi lauje cikin naɗin maganar mutane da wuri ba, rashin koyon kuma ya ƙara nesanta shi da su.

Babu garin Keti a taswira, amma duk wanda ya taɓa bin hanyar Gombe zuwa Kumo, ya wuce Billiri ya isa Kaltungo, zai gane ƙasar: duwatsu, majami'un 'yan mishan, masallatai, ƙarancin ruwa da rani, da sarautar da ake kira Mai. A Kaltungo aka haifi Habila a 1967, lokacin yankin yana cikin Jihar Arewa maso Gabas, kafin ya koma ƙarƙashin Bauchi a 1976, sannan Gombe a 1996. Ya karanta Turanci a Jami'ar Jos, ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, ya yi aikin jarida a Legas. Ya ci kyautar Caine a 2001, ƙagaggen labarinsa na farko Waiting for an Angel ya fito a 2002, daga baya ya koma koyarwa a Jami'ar George Mason ta Amurka. Wato marubucin ya san irin bakin da mutanen wannan ƙasa suke magana da shi, kuma wannan sanin shi ne ginshiƙin jigon farko.

A ƙasar Gombe, ko da Hausa ake zance ko da Fulatanci ko Tangale, rabin magana a ɓoye take. Mara lafiya yana kwance rai a hannun Allah, a ce masa "yaya jiki?" ya ce "da sauƙi", kuma kowa a ɗakin ya san amsar ladabi ce, ba rahoton likita ba. A aika wa mutum a Legas cewa jikin mahaifinsa ya yi tsanani, ya hau mota yana sane da cewa mai yiwuwa an riga an yi jana'iza. Uwa ta ga ɗanta yana wasa da tangaran ta ce masa "fasa shi mana, ai ubanka ke yin su", yaro ɗan shekara biyar ya ajiye a hankali, domin ya riga ya san gatse. Mai gida yana cin abinci ya ce wa baƙo "bisimilla", baƙon ya ce "alhamdu lillahi", ko da yunwa na cinsa. Ga habaici, ga zambo, ga kirari, ga hannunka-mai-sanda. Ba a koyar da ko ɗaya daga cikinsu a aji. Yaro yana tsintar su ne a gindin murhu, a dandali, a bayan uwarsa, wajen kallon fuskar manya lokacin da suke faɗin abin da ba shi suke nufi ba. Wanda aka hana shi wannan zama, to an hana shi mabuɗin.

Haka tagwayen Keti suka tashi. Uwa babu, uba kuma yana nan kamar ba ya nan: Lamang ya fi damuwa da fataucinsa da mata da neman suna, daga baya da siyasa. Labarin auren iyayensu ma a bakin duniya suka ji shi, cikin wata waƙa da ƙauyen ke rerawa game da ubansu da yadda ya auri Tabita don dukiyar mahaifinta alhali zuciyarsa na wajen wata. Ga mutanen gari waƙar zambo ce ta nishaɗi, a rera a yi dariya a wuce, gobe kuma a gaisa da Lamang cikin girmamawa. Ga yaran kuwa shari'a ce da aka yanke. Suka ɗauke ta ƙwaya-ƙwaya, suka ƙulla wa ubansu ƙiyayya a matsayin ƙa'idar rayuwa, har suka rubuta ta. Ba a ce sun yi kuskure a kan halin Lamang ba. Abin lura shi ne su kaɗai ne a Keti suka ɗauki waƙar a matsayin abin da ya wajaba a yi aiki da shi.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na kare. Akwai camfin da ya zagaye ƙasar Hausa da maƙwabtanta cewa wanda ya shafa kwantsar kare a idonsa zai ga aljanu da abubuwan ɓoye, tunda kare yana haushin abin da mutum ba ya gani. Dubban yara sun ji wannan zance, dubban manya sun faɗe shi, amma kowa ya san inda ake ajiye shi: cikin hirar dare. Mamo da LaMamo suka mayar da shi gwaji. Suka sa wa karen wata tsohuwa guba, suka kwashi kwantsar suka shafa, ba su tsira da komai ba sai firgita da mugun mafarki. Habila bai rubuta wannan wuri don a yi wa yaran dariya kawai ba. Hankalinsu ya yi aiki daidai: an ce in an yi kaza za a ga kaza, suka yi kazan. Abin da ya ɓace shi ne babba guda da zai ce musu ba kowace magana ce ake bi da ƙafa ba. Wadda ta biya kuɗin wannan rashi kuwa ita ce tsohuwar da kare ne abokin zamanta.

Sai kuma dawowar baffansu Haruna, wanda ya tafi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, aka fid da rai da shi, shekaru bayan an gama yaƙin ya ɓullo. Gari ya ɗauka, aka yi murna, aka yi ta ambaton sunansa. Tagwayen suka kalli taron suka yanke cewa yaƙi ne hanyar suna, suna kuma shi ne maganin mutuwa, domin wanda ake tunawa bai mutu ba. Ga Mamo, yaron da aka sha raɗe-raɗin ba zai yi tsawon kwana ba, wannan lissafi ba wasa ba ne. Sai dai sun karanta guɗar, ba su karanta shirun mutumin da ake yi wa guɗar ba. Haruna ya dawo da gangar jiki ne kawai, hankalinsa yana can, kuma daga ƙarshe ya rataye kansa. Duk da haka yaran suka gudu daga gida tare da ɗan baffansu Asabar don shiga soja. Ciwon Mamo ya tashi a hanya, dole ya juyo. LaMamo ya wuce.

Daga nan jigon kaɗaici ya karɓi ragamar littafin, kuma a nan ne alƙalamin Habila ya fi kaifi. Sikila ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a ƙasar duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayarta ba tare da ciwon ba. An san zafin ƙashi da kumburi da ƙarin jini. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ciwon yake cire mutum daga sahun tsaransa. Ba ya zuwa rafi, ba ya ƙwallo, ba ya bin 'yan farauta, kuma gidansu ba ya yin dogon shiri da shi. Mamo ya shiga jami'a karatun tarihi, ciwo ya dawo da shi gida bai kammala ba. Ya zama mai jira: jiran wasiƙar ɗan'uwansa, jiran tashin ciwo na gaba, jiran ranar da aka ce ba zai wuce ta ba. Sunan littafin daga wannan jira ya fito, daga mutumin da ba shi da abin yi da lokaci sai auna shi. Abokan hirarsa littattafai ne, su kuwa littattafai ba sa gatse, ba sa kashe ido. Mai zama da su yakan saba da cewa abin da aka rubuta shi ake nufi.

A nan ya dace a kawo wani littafi daga Ingila, domin shi ne ake fara ambata duk lokacin da aka zo batun tauraro mai ɗaukar magana a zahirinta. The Curious Incident of the Dog in the Night-Time na Mark Haddon ya fito a 2003, ya ci kyautar Whitbread ta shekarar. Shi ma akwai mushen kare a cikinsa, da shi ma ya buɗe. Christopher Boone, ɗan shekara 15 a garin Swindon, ya tsinci karen maƙwabciyarsu, Wellington, an soke shi da ƙarfen aikin lambu, ya ɗaura aniyar gano wanda ya kashe shi. Christopher gwani ne a lissafi, har babobin littafin da lambobin da ba sa rabuwa aka jera su, daga 2, 3, 5, 7 zuwa 233. Amma ba ya iya karanta fuska, ba ya son a taɓa shi, kuma a wajensa duk maganar da ta kira abu da sunan wani abu ƙarya ce. Masu karatu da yawa sun ga alamun lalurar otizim a tare da shi, ko da yake ba a ambaci sunan wata lalura a cikin labarin ba, kuma Haddon da kansa ya ce bai rubuta shi a matsayin bayanin cuta ba. Binciken kare ya kai yaron ga abin da ya fi kare girma: mahaifinsa ne ya kashe karen, kuma mahaifiyarsa da aka ce masa ta mutu tana nan da ranta a Landan, wasiƙunta a ɓoye cikin ɗakin uban.

Bambancin littattafan biyu ya fi kamanninsu amfani. Halin Christopher halitta ce. Ko an zaunar da shi a dandali shekara ashirin ba zai ji gatse yadda tsaransa suke ji ba, sai dai ya haddace shi kamar ƙa'idar lissafi, kamar yadda malamarsa Siobhan take zana masa fuskoki tana gaya masa ma'anarsu. Halin Mamo kuwa rayuwa ce ta sassaƙa shi: maraici, ciwo, da uban da bai waiwaye shi ba. Saboda haka Mamo yana iya sauyawa, kuma ya sauya. Haddon ya kulle mai karatu cikin kan yaron, da bakinsa ake ba da labarin, mai karatu yana hango abin da yaron bai hango ba, tausayi da dariya suna zuwa tare. Habila ya tsaya daga waje, yana saƙa labarin da wasiƙun LaMamo da guntayen abin da Mamo ya rubuta daga baya. Inda suka haɗu shi ne a kan wanda ke da laifi. A duka biyun, masu iya magana ne suka yi ƙaryar da ta rusa gida. Mahaifin Christopher ya ɓoye gaskiya da sunan tausayi. Lamang ya shiga siyasa da alkawarin kawo wa jama'a ruwa ta wata dabarar tacewa ta zamani, ya ƙare da maguɗin zaɓe, Asabar ya zama jagoran 'yan bangarsa har aka harbe shi ya naƙasa. Mai ɗaukar magana a zahiri yana wahalar zama da mutane, gaskiya ne, amma wani kaso na wahalar daga mutanen yake, tunda sun saba zaman da ba ya yiwuwa sai da 'yar ƙarya.

Daga baya littafin Habila ya ɗauki wannan hali na Mamo ya mayar da shi sana'a. Yana koyar da tarihi a makarantar al'umma ta baffansa Iliya, sai ya ci karo da wani ɗan littafin tarihin mutanen Keti da wani ɗan mishan Ba'amurke, Rabaran Drinkwater, ya rubuta. Mamo ya auna abin da ke rubuce da abin da ya sani, ya ga ƙasa da duwatsu da ƙabilu sun cika shafi, mutane kuwa babu su. Ya rubuta sharhi, aka buga a wata mujallar tarihi ta ƙasar waje, sunansa ya zagaya gari. Mutanen Gombe ba baƙin wannan matsala ba ne. Birnin da suke ciki ma a zamanin Turawa aka mayar da hedikwatar masarauta cikinsa, a 1919, nesa da Gombe Abba ta Buba Yero, kuma kaso mai yawa na abin da aka fara rubutawa da boko game da ƙasar Tangale da Waja daga hannun jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan ya fito. Mamo ya ƙudurta rubuta tarihi ta hanyar rayuwar mutane ɗaiɗai, irin tsarin Plutarch, marubucin Girka na ƙarni na 1 zuwa na 2.

Sunan da ya yi ne ya jawo hankalin fada. Waziri ya ɗauke shi magatakarda, ya ba shi aikin rubuta tarihin Mai. A nan aka yi rashin fahimta mafi girma a littafin. Fada ta ce tarihi, tana nufin kirari a rubuce. Mamo ya ji tarihi, ya fahimci tarihi: ya shiga tambayar tsofaffi, yana tono asalin sarautar da hannun Turawa a cikinta, har ya gano cewa Waziri yana da tasa manufar a kan gadon. Kowane maroƙi a Keti ya san abin da ake faɗa a gaban sarki da abin da ake haɗiyewa. Mamo ma ba yaro ba ne a lokacin, kuma Habila bai wanke shi tas ba: ya ɗanɗana daɗin kusantar manya, ya shiga liyafarsu, ya yi ɗan lokaci yana kau da kai. Har shawarar da ya bayar da kyakkyawar niyya, ta a tara kuɗi a haƙa wa jama'a rijiyoyi, ta zama hanyar da aka bi aka wawure kuɗin, domin ya ɗauka in an ce kuɗin ruwa ne to ruwa za a samar da su.

Mai karatun Hausa zai tuna da wani waziri. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, wazirin Sarki Abdurrahman ne ya ƙulla makircin cin amana, aku kuma ya warware shi ba tare da ya fito fili ya tona ba: labari bayan labari ya riƙa ba Musa ɗan Sarki yana ɗauke masa hankali har gari ya waye, daga ƙarshe ya samu wazirci. Darasin Imam shi ne mai iya sarrafa harshe yana tsira, har ya tsirar da wasu. Habila ya kawo fada irin wannan, ya sa mata wanda makaminsa gaskiya tsirara ce, sai ga shi gaskiyar ba ta haƙa rijiya ko ɗaya ba. Abin da ya kawo ƙarshen Waziri shi ne dawowar LaMamo, bayan ya yi yaƙe-yaƙen da ba nasa ba daga iyakar Chadi har Laberiya, ya rasa ido ɗaya. Ya ja fusatattun mutanen gari suka afka wa fada, Waziri ya hallaka, shi ma LaMamo harsashi ya same shi ya mutu. Shi ne ɗan tagwayen da ya bi lissafin ƙuruciyarsu har ƙarshensa.

Wannan kashi na ƙarshe shi ne mafi rauni. Waziri ya yi kama da mugun tatsuniya, ana ganinsa an san shi ne, tarzomar kuma ta zo a gurguje bayan ɗaruruwan shafuka na tafiyar hawainiya. Haka ma Zara, masoyiyar Mamo, wadda aurenta ya mutu aka raba ta da ɗanta, daga baya ta kulle kanta daga duniya. Kaɗaicinta bai gaza nasa ba, wataƙila ya fi, amma ta idon Mamo kawai ake ganinsa, kamar wani babi ne na rashin sa'arsa. Littafin da ya yi wa Drinkwater gori kan barin mutane a waje ya ɗan taka sawunsa a kan wannan mace.

Inda jigon ya kai ga warwara ba a fada ba ne, a majami'a ne. Matan coci na Keti suna da wasan kwaikwayo da suke yi duk shekara na zuwan Drinkwater garin. Mamo ya sha kallonsa tun yana yaro, kuma a zahirinsa wasan yabon Bature ne da ya zo ya ture al'adar kakanni. Sai bayan ya sha duniya ya kalle shi da wani ido, ya gane cewa matan ba Drinkwater suke yi wa biki ba. Kansu suke yi wa, na cewa an zo an same su, an yi abin da za a yi, ga su nan har yanzu suna kwaikwayon mai zuwan suna dariya. Matan da yawancinsu ba su yi zurfin boko ba sun daɗe suna rubuta nasu martanin ga littafin Rabaran, da habaici, a gaban kowa, shi kuwa mai sharhin da aka buga a ƙasar waje bai ji ba. Wannan ganewa ba ta sa ya bar neman gaskiyar abin da ya faru ba. Ta sauya masa inda yake nemanta. Tarihin da ya ƙare da niyyar rubutawa ba na Mai kaɗai ba ne: na mahaifinsa ne da ya tsana, da Haruna da ya kasa ba da labarin yaƙinsa, da Marina, da Iliya, da LaMamo, mutanen da ba a samun rayuwarsu a takarda sai an zauna da waɗanda suka san su an saurari abin da suka faɗa da abin da suka kewaye.